Faransar da Muka Gina a Bayan Gidan Kafaran

Wata Lahadi ce a cikin watan Afrilu na 1975, shekara guda bayan sojoji sun karɓi mulki, ranar kasuwar Filinge. Ni da abokina Bube muna tsugune a inuwar wata rumfa muna gadin jakin babana, rana ta take har ƙasa na ƙona tafin ƙafa, sai muka ji wani ruri daga hanyar Yamai wanda bai yi kama da na motocin kasuwa ba. Masu sayar da kanwa suka miƙe tsaye, awaki suka tsinke igiya, mata suka ja 'ya'yansu jiki. Motocin soja ne suka ratso gari za su arewa, a tsakiyarsu kuma ga wata aba da ban taɓa ganin irinta ba. Ƙarfe ce tun daga sama har ƙasa, ba taga ba ƙofa, da doguwar bindiga a gaba kamar taɓarya, wani soja ya fito rabin jiki ta wani rami a samanta yana ta kallon gabansa. Muka bar jaki muka bi ta da gudu, mu da duk yaran kasuwa, har ta wuce gidajen ƙarshe ta bar mu muna haki. Kafin mu dawo jakin ya shiga harawar wani mutum ya yi mata ɓarna. Na sha ranƙwashi a hannun babana, amma ko a jikina, domin hankalina ya riga ya bi motar nan.

Ƙauyenmu yana cikin kwarin Dallol, tafiyar hantsi ce a kan jaki daga Filinge, dutse a gabas, gonakin hatsi a yamma. Lokacin ba mu daɗe da fita daga yunwa ba. Rumbuna da yawa ba kome cikinsu sai ɓera, manya sun rage dariya, amma yaro yaro ne, in ya sami fura ko da tsululu ce ya kora, to wasa ya samu. Da asuba mukan ja guga mu shayar da awaki, mu share turke, mu ɗebo kirare, sannan mu rataya allo mu tafi lakwal, wato makarantar boko, wurin malaminmu Mushe. Da la'asar kuma, in ba a kore mu zuwa sassabe ba, sai bakin tabki. Ruwan ya janye tun tuni, ƙasa ta bushe ta tsattsage, mu kuwa mu ɓamɓare saman mu tono yumɓu mai laushi da ke ƙasa, mu cuɗa shi da ƙaiƙayi da kashin jaki yadda muka ga masu ginin tukwane suna yi. Da shi muke gina duk abin da ido ya gani, raƙuma da dawaki da motar kumandan mai mulkin Filinge, mu shanya a rana, washegari mu zo mu tarar awaki sun tattake rabi.

Bube ɗan Fulanin da suka zauna a bayan garinmu ne, bayan fari ya cinye musu garke. Ba ya da yawan magana, amma hannunsa ya san saniya fiye da yadda na san hancina. Zai murza yumɓu ya fitar da ita da ƙaho da tozo da leɓe, har ya raɗa mata sunan wata daga cikin waɗanda suka mutu musu. Ni kuwa baki Allah ya ba ni, hannu sai a hankali. Ni ke tsara abin da za a yi, shi ke yi, in an yaba kuma ni ke amsa godiya. Don haka da Mushe ya sanar da cewa ranar rufe lakwal sabon kumandan, wanda yanzu soja ne mai kaki, zai zo, kuma kowa ya kawo aikin hannunsa a shimfiɗa a gabansa, tun kafin ya rufe baki na san abin da za mu kai. Muka duƙufa. Motar sojan farko da Bube ya gina ta fito da tozo a baya, don hannunsa ya ƙi yarda a yi abu mai girma haka ba tozo. Ta biyu da ta uku suka ɗan yi dama-dama, da tayoyi huɗu da bindigar kara. Don kada awaki da ƙannenmu su lalata mana, sai muka kai su shanya wurin da ba yaron da ke zuwa, wato bayan gidan Kafaran.

Sunansa na yanka Noma, amma ba mai kiransa haka, sai da muƙaminsa na soja, Kafaran, wato kofur. Tsohon sojan Nasara ne, dogo, siriri, kunnensa ɗaya ba ya ji. Yana zaune shi kaɗai a ƙarshen gari, yana noma ɗan yakuwa da kuɓewa a bayan darninsa. In ana maganar yau da kullum yakan amsa kamar kowa, amma in wani ya kawo zancen yaƙi sai harshensa ya ɗaure, ya yi ta in'ina, daga nan ya tashi ya bar wurin. In hadari ya yi tsawa kuma, shiga ɗaki yake ya rufe. Mu yara muka yanke cewa yana da iska, muka riƙa kewaye gidansa. Abin da ya ƙara mini tsoronsa shi ne kakata, Kaka Ige, wadda ta haifi babana. Kafaran ɗan kawunta ne, taubashinta ke nan. A ƙasar Kurfai taubasai ba sa haɗuwa a hanya ba su yi wa juna tsiya ba, wannan ya ce ke baiwata ce, waccan ta ce kai ne dai bawa. Amma tun da na yi wayo ban taɓa ganin su biyun sun ko gaisa ba. In ta hango shi a bakin rijiya sai ta juya da tulunta.

Dalilin kuwa kowa ya san shi a gidanmu. Kaka tana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Barmo, wanda ita ta goya tun da uwarsu ta rasu. Da Nasara suka zo ɗibar samari zuwa yaƙinsu da Jamus, sai aka ɗauki Barmo da Noma a rana ɗaya. Ta raka su har bakin gari, ta kama hannun Noma ta ce ga amanar ƙanenta nan. Bayan shekaru Noma ya dawo shi kaɗai, ƙashi da fata, ya ce Barmo ya rasu. Ta tambaye shi a ina. Ya ce a Faransa. Ta ce: "Hwaransa gona ta ko gari? Gabas ga rijiya ko yamma? Gwada min inda kab bar shi." Ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Ta jira, ya sake gwadawa, ta ƙi. Sai ta ce ai ta gane, gudu ya yi ya bar shi a daji kuraye suka cinye. Daga ranar ba ta ƙara yi masa magana ba.

Babana mai salla ne, amma Kaka tana kan hanyar iyayenta. Kowace shekara kafin shuka takan dama farin gumba a ƙwarya, ta je ta zuba wa magabata, ta juya fuskarta wajen da kowannensu yake kwance ta kira sunansa. Sunan Barmo kaɗai ba ta kira, domin a wurinta wanda ba a san makwancinsa ba ba a san ta inda za a fuskance shi ba. Ta hana a yi masa makoki, ta hana a raba kayansa, duk wanda ya zo mata da gaisuwar mutuwa ta kore shi. Ga shi ta tsufa, idonta ya fara rufewa, tari ya kama ta tun lokacin yunwa. Na sha jin babana yana gaya wa innata cewa abin da yake tsoro shi ne tsohuwar nan ta mutu da wannan ƙulli a zuciyarta, ba ta yi kukan ƙanenta ba, ba ta kuma yafe wa ɗan'uwanta ba.

Muna cikin jera motocinmu a bayan darni sai inuwa ta rufe mu. Na ɗaga kai na ga Kafaran.  Ya tsuguna, ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: "Wagga ba shar ba ta. Mota ta. Shar ba ta da taya." Shar ita ce tankar yaƙi a bakin sojan Faransa. Ni da na ga abu da idona a kasuwa, na ce masa ai da taya muka gan ta. Ya ce wadda muka gani ƙanwarta ce, babbar a kan sarƙa take tafiya, kuma ba ta kewaye gida, bi take ta kansa. Ya ajiye motar ya ce gobe mu zo da yumɓu mai yawa, da kaba, da ƙwallon goriba.

Haka muka shiga hannunsa, kuma ban taɓa ganin mai wuyar sha'ani irinsa ba. Sai da muka rushe gangar jikin nan ya fi a ƙirga kafin ya yarda da faɗinta. Ya sa muka fafe cikinta don kada ta tsage in ta bushe. Ƙwallon goriba muka goge muka jera a gefe su zama ƙananan ƙafafu, ya koya mana kitsa kaba siririya mu naɗe su da ita ta zama sarƙa. Kanta gwangwanin tumatir ne muka shafe da yumɓu muka kafa a kan tsinke, har yana juyawa. Muka zaɓi karan hatsi mai ƙwari muka yi bindiga, muka dama toka da gawayi muka shafe ta ta yi fari-fari baƙi-baƙi, shi kuma ya zana mata wata alama a gefe da hannunsa. Bube ya so ya ɗan tada mata baya, Kafaran ya buge masa hannu ya ce ba bijimi muke yi ba. Abin da na lura da shi tun a lokacin shi ne, in yana ba da umurni, ƙara nan, rage can, harshensa ba ya ɗaurewa ko kaɗan.

Da ta bushe na ce to an gama, sai kai wa kumandan. Ya ce wa ya taɓa ganin shar tana zaune a fili haka kawai, ai sai da hanya. Muka share ƙasa muka yi hanya. Ya ce hanyar tana sauka ne zuwa wani kogi, muka tona kogi muka shimfiɗa masa takardar sigari mai walƙiya. Kogi sai da gada, gada sai da gari a tsallake. Kullum da la'asar abin na ƙaruwa, har ya cinye masa rabin wurin yakuwa, kuma ba wanda ya tsaya ya yi tunanin yadda za a ɗauki wannan fili a kai lakwal. Mu muka gina garin yadda muka san gari: ɗakuna masu kewaye da jinka, turke, da rumbu a bayan kowane gida. Kafaran ya sa muka rushe, ya ce nasu masu kusurwa ne da jan rufi, kuma babu rumbu. Muka ce to ina suke zuba hatsi? Ya ce ba su da hatsi. Muka dubi juna, tausayin mutanen Faransa ya kama mu, domin mun san abin da rashin hatsi yake nufi. Bube, da bai cika gardama ba, ya kafe a kan lallai a bar musu ko da rumbu ɗaya. Kafaran ya yi wani ɗan sauti a hanci, wanda daga baya na gane dariya ce, ya ce a bar shi.

Muka kafa busasshiyar ciyawa ta zama gonar alkama. Muka tsinko rassan sabara muka dasa su zama wasu itatuwa da ya ce suna 'ya'ya masu zaƙi, amma ba su da suna a Hausa. Bube ya sami abin da yake so, domin akwai shanu a garin, sai dai an hana shi tozo, an kuma ce ya yi musu dabbare-dabbare. Sojoji muka fere daga ɓargon kara, muka ɗora wa kowanne busasshen furen yakuwa ya zama jar hula, Kafaran yana jera su ɗaya-ɗaya a bakin kogi da bayan wata katanga, wani lokaci har ya ambaci sunan wani da garinsu. Akwai guda ɗaya da ya hana mu taɓawa. Shi ya fere shi da wuƙarsa, ya yanko ƙyalle daga tsohon bargonsa ya naɗe shi, ya tona ɗan rami a gindin itacen da ke kusa da katanga ya kwantar da shi, amma bai rufe ba. 

Ni dai ba na iya riƙe magana a ciki. Kaka ba ta hana ni zuwa wurinsa ba, iyaka in zan fita ta ce in gaida maƙaryacina. Amma kullum in na dawo nakan zauna kusa da ita tana saƙar faifai da lalube, in yi ta zuba: yau mun yi gada, yau mun yi shanu marasa tozo, mutanen can ba su da rumbu. Takan yi tsaki, amma ba ta taɓa ce mini in yi shiru ba. Ranar na gaya mata zancen sojan da aka naɗe a bargo aka kwantar a gindin itace. Hannunta ya tsaya. Ta tambaye ni wa ya fere shi, na ce Kafaran da kansa. Ta ajiye faifan, ba ta ci tuwon dare ba. Da safe, na rataya allo zan tafi lakwal, ta kira ni ta miƙo mini kan sandarta ta ce in ja ta zuwa wurin.

Muka ratsa gari, mata suna leƙowa ta kan darni, don kowa ya ga inda muka nufa. Kafaran yana ban ruwa. Da ya gan mu ya ajiye tulu ya tsaya cak. Ba ta gaishe shi ba. Ta ce in kai ta bakin abin, ta durƙusa, ta miƙa hannu, tun da ido ba ya yi mata aiki sosai. Ta shafa hanya, ta bi ta da yatsa har kogi. Ta haye gada. Ta taɓa gidaje, ta taɓa rumbun Bube ta ɗan tsaya a kansa, ta wuce gonar alkama har hannunta ya kai katanga, ya sauka a kan ɗan ƙyallen bargo. Sai ta yi magana, ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Gabas ina?"

Ya nuna wajen dutse, ya ce tun farko a kan rana ya aza garin, gabas ɗin can ita ce gabas ɗin nan.

"Wa ar rufe shi?"

"Ni, da hannuna, da wani tsoho mai gonar. Cikin bargonai munka sa shi. Huskatai gabas."

"Kura ba ta taɓa shi ba?"

"Babu kura can, Ige. Kuma mun aza duwatsu."

Daga nan ya tsuguna kusa da ita, ya kama hannunta yana ɗora shi a kan wurare. Nan muke kwance. Nan shar ta ɓullo. Nan Barmo ya tashi zai jawo wani yaro da aka harba. Maganar tana fita sarai, muddin yatsansa na kan ƙasa. Ya gaya mata bai gudu ba, ya zauna da shi har ransa ya fita, kuma tsayawar binne shi ce ta sa Jamus suka kama shi, ya yi shekaru a tsare. Kaka ta saurara har ya gama. Sannan ta lalubo tankarmu, ta shafa sarƙar kaba, ta shafa bindiga, ta ce: "Wagga ta kashe shi?" Ya ce ita ce. Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ɗaga sandarta da hannu biyu, ta sauke a kanta. Ba sau ɗaya ba. Sai da ƙwallon goriba suka watse cikin yakuwa, gwangwanin ya lotse, ba abin da ya rage sai gari.

Ba zan ɓoye ba, kukan da ya fara tashi a wurin nawa ne. Aikin da muka sha wuya a kansa, wanda na riga na ga kumandan yana shafa kaina saboda shi, ga shi ya zama ƙasa. Na ji haushin Kaka har wuya. Ita kuwa ko ta kaina ba ta bi ba, ta ce in yi maza gida in gaya wa innata ta damo farin gumba. Da na kawo, ta sa Kafaran ya rufe ɗan ramin da hannunsa, ta ɗora tsakuwa a kai, ta daidaita fuskarta, ta zuba gumbar a hankali. Ta kira sunansa, "Barmo", da irin muryar da ake kiran yaro ya zo ya ci abinci. Sannan ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka, kukan da ta riƙe tun babana yana yaro. Nawa ya tsaya nan take, kunya ta kama ni. Mata suka fito daga gidaje suka kama mata, Kafaran yana zaune a ƙasa hawaye na bin gemunsa.

Aka yi zaman makoki sosai, kamar jiya aka yi mutuwar. Babana ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ya kira liman aka yi addu'a, aka yi sadakar masa, 'yan'uwa suka zo daga Tabla da Damana, kowa ya yi wa Barmo abin da ya iya ta hanyar da ya sani. A ranar ƙarshe Kafaran ya shigo gidanmu, karo na farko a rayuwata. Ya gaida mata, ya tsaya a kan Kaka, ya dubi sandarta ya ce: "Ige, da da ke anka tahi Hwaransa, da yaƙin ga bai kai damana ba."  Kaka ta gyara zama ta ce: "Ai da ma mata ya kamata a ɗiba, ba ragwaye irinka ba. Zamna, bawana, a kawo maka hura." Innata ta juya baya tana share ido da bakin zane, tana dariya.

Ranar rufe lakwal ni da Bube muka je hannu rabbana. Kumandan ya shafa kan wani yaro da ya yi motar waya, ni kuma na tsaya a baya ina cizon yatsa. Mushe, wanda shi ma ya zo gaisuwa gidanmu, bai tambaye mu kome ba, ya dai dafa kafaɗunmu da zai wuce. Garin da muka gina kuwa ba wanda ya ƙara taɓa shi, domin ya zama makwanci, Kafaran ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Yana nan har ruwan farko ya sauka. Da gari ya waye na ruga na duba, na tarar gada da gidaje da katanga duk sun narke sun bi ƙasa, sai tsakuwar nan kaɗai. Na dawo na gaya wa Kaka ina zaton za ta damu. Ta ce madalla, yanzu ya shiga ƙasar Kurfai. Da za a fita shuka a shekarar, ta kira sunansa tare da na sauran. Ta ƙara ganin damina biyu, kusan kullum Kafaran na zaune a ƙofar ɗakinta suna zagin juna, kuma shi ya fara zuba ƙasa a kabarinta.

Yanzu ni ma na yi furfura a Yamai. Sojoji sun tafi sun dawo, sun sake tafiya sun sake dawowa, kuma motocin ƙarfen nan sun daina zama abin da yara ke bi da gudu a hanyar Filinge. In sun wuce, uwaye addu'a suke yi wa 'ya'yansu da ke ciki. Bube ya bi shanu arewa tun muna samari, rabona da labarinsa an daɗe. Jikokina suna ganin tankar yaƙi kala-kala a cikin waya, sun fi ni sanin sunayensu, amma ba wanda ya taɓa tono yumɓu ya ji sanyinsa a tsakanin yatsu. Nakan so in kai su bakin tabkin nan ko sau ɗaya, sai hanya ta ƙi, ko jiki ya ƙi. In na tuna, godiya nake yi wa Allah da ya sa tsoho ya duƙa ya dubi wasan yara, ya kuma sa bakina bai iya shiru ba. Na daɗe ina jin ciwon tankar da Kaka ta farfasa, sai da na binne nawa mutanen na san darajar a ce ga inda naka yake kwance. Ban ƙara gina abin da ya kai wannan amfani ba.